Yadda ake lissafin turjiya da ƙarfin wutar lantarki daga matsi da kwarara

Duk kayan aikin da ke amfani da wutar lantarki, daga dutsen guga zuwa injin ban-ruwa, yana ɗauke da wasu alƙaluma da aka rubuta a jikinsa ko a kan wani ɗan faifai da aka liƙa masa, kuma mafi yawan masu saye ba sa duba komai a cikinsu sai adadin wat. Alƙaluman nan suna magana ne a kan abubuwa huɗu da suke ɗaure da juna, ta yadda duk wanda ya san biyu daga cikinsu zai iya fito da sauran biyun da alƙalami da takarda, ba tare da ya kwance na'urar ba.

Na farko shi ne matsin lantarki, wato abin da yake tura wutar ta bi waya, ana auna shi da bolt, kuma ana rubuta shi da harafin V. Na biyu shi ne kwararar lantarki, wato yawan wutar da take ratsa wayar a kowace daƙiƙa, ana auna ta da amfiya, alamarta kuma I. Na uku ita ce turjiya, wato yadda waya ko na'ura take ƙin barin wutar ta wuce cikin sauƙi, ana auna ta da om, alamarta R. Na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wato saurin da ake mayar da makamashin lantarki zuwa zafi ko haske ko motsi, ana auna shi da wat, alamarsa P. Idan ana son hoto guda da zai riƙe ukun farko a zuciya, sai a tuna da tankin ruwa da aka ɗora a kan bene: tsayin tankin shi ne matsi, yawan ruwan da yake fitowa daga famfo shi ne kwarara, ƙuncin bututun kuwa shi ne turjiya.

Wanda ya fara daidaita dangantakar ukun nan a lissafi shi ne Georg Simon Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe da yake koyarwa a birnin Kolon, wanda ya wallafa sakamakon bincikensa a shekarar 1827. Batiran zamaninsa, waɗanda suka samo asali daga wanda Alessandro Volta na Italiya ya ƙera a shekarar 1800, matsinsu ba ya tsayawa wuri guda, saboda haka ya koma amfani da haɗin ƙarafa biyu da aka dumama gefe ɗaya aka sanyaya ɗayan domin ya samu matsi tsayayye, sa'annan ya riƙa canza tsayin wayoyi da kaurinsu yana auna abin da yake gudana. Masanan ƙasarsa ba su karɓi aikin da hannu biyu ba da farko, sai a shekarar 1841 ne ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta karrama shi da lambar Copley. Abin da ya gano shi ne cewa a cikin wayar ƙarfe wadda zafinta bai canza ba, kwarara tana ƙaruwa daidai da yadda matsi ya ƙaru, kuma ana rubuta wannan haka: V = I × R.

Daga wannan layi ne ake samun turjiya, ta hanyar raba matsi da kwarara: R = V ÷ I. Ƙarfin aiki kuma ana samunsa ta hanyar ninka matsi da kwarara: P = V × I. A ɗauki dutsen guga da aka jona a soket mai bolt 230, wanda shi ne matsin da aka tsara wa gidaje a Nijeriya (a Nijar bolt 220 ake rubutawa), aka auna aka ga yana jan amfiya 4.35. Turjiyarsa ita ce 230 a raba da 4.35, wato kimanin om 53, ƙarfinsa kuwa 230 sau 4.35, wato wat 1,000 ko kusa da haka. Awo biyu kawai aka yi, amma an samu amsa biyu da ba a auna ba.

Idan aka saka layin farko a cikin na biyu, sai a samu wasu siffofi biyu na lissafin ƙarfi: P = I × I × R, da kuma P = V × V ÷ R. A takarda duk ukun abu ɗaya suke faɗa, kuma ɗalibi zai iya haddace su cikin minti kaɗan. Inda mutane suke rikicewa shi ne ɗaya yana nuna cewa ƙarin turjiya yana ƙara zafi, ɗayan kuma yana nuna cewa ƙarin turjiya yana rage shi, har mutum ya ɗauka cewa ɗayansu kuskure ne. Babu kuskure a cikinsu. Abin da ya kamata a tambaya kafin a zaɓi wanda za a yi aiki da shi shi ne: wane ne a tsaye a wannan wurin, matsi ko kwarara? A ganina wannan tambaya ta fi haddace layukan muhimmanci, domin kusan duk lissafin da ya karkace a kanta yake karkacewa.

A bakin soket, matsi ne a tsaye, na'urar da aka jona ce take yanke yawan kwararar da za ta ja gwargwadon turjiyarta. A nan siffar da ta dace ita ce V × V ÷ R, kuma sakamakonta shi ne na'ura mai ƙarancin turjiya ita ce mai cin wuta da yawa. Bolt 230 sau 230 ya ba da 52,900. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 turjiyarta 52,900 a raba da 2,000, wato kimanin om 26.5, tana kuma jan amfiya 8.7. Tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 60 kuwa turjiyarsa ta kai om 882 a lokacin da yake haske, abin da yake ja bai wuce amfiya 0.26 ba. Wanda ya zaci cewa babbar na'ura ita ce mai babbar turjiya ya juya al'amarin.

Ninkin matsi da kansa da yake cikin wannan siffa shi ne yake bayyana abin da ake gani idan aka kawo wuta marar ƙarfi. A ce matsi ya sauka daga bolt 230 zuwa 180. Turjiyar butar nan ba ta canza ba, tana nan a om 26.5, saboda haka ƙarfinta ya koma 180 sau 180, wato 32,400, a raba da 26.5, abin da ya ba da wajen wat 1,220. Matsin ya ragu da kashi 22 cikin ɗari ne kawai, amma ƙarfin dafa ruwan ya ragu da kusan kashi 39 cikin ɗari, shi ya sa ruwan yake daɗewa bai tafasa ba fiye da yadda mai jira yake tsammani. Haka lissafin yake idan matsi ya hau, sai dai a nan ɓarna ake yi. Na'urar dumama da aka ƙera domin Amurka, inda gidaje suke amfani da bolt 120, idan ƙarfinta wat 1,200 ne to turjiyarta om 12 ce. In aka kawo ta cikin kayan gwanjo aka jona ta kai tsaye a bolt 230, za ta ja fiye da amfiya 19, ƙarfin da zai bi ta cikinta kuma ya haura wat 4,400, kusan ninki huɗu na abin da aka yi ta dominsa. Ba ta daɗewa take ƙonewa, kuma ba rashin ingancinta ne ya jawo ba.

A cikin wayar da take kai wuta zuwa ga na'urar kuwa, al'amarin dabam yake. Turjiyar waya ƙanƙanuwa ce idan aka kwatanta da ta na'urar, saboda haka ba ita take yanke yawan kwarara ba, abin da kayan da aka jona suka ja shi ne dole ya ratsa ta. A nan kwarara ce a tsaye, siffar da ta dace kuma ita ce I × I × R, wadda James Prescott Joule na Ingila ya tabbatar da ita ta hanyar gwaji a farkon shekarun 1840, lokacin da ya riƙa auna zafin da waya take fitarwa a cikin ruwa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 tana da turjiyar kimanin om 12 a kowace kilomita, mai 2.5 kuma kimanin om 7.4. Idan aka ja wayar 1.5 tsawon mita 30 daga babban gida zuwa wani ɗaki ko shago, wutar za ta yi tafiyar mita 60 ne, domin sai ta je ta dawo, turjiyar kuma ta zama wajen om 0.73. Idan amfiya 5 ce take wucewa, zafin da yake fita daga wayar wat 18 ne, wanda ya bazu a tsawonta ba wanda zai ji shi. Idan aka ƙara kaya har kwarara ta kai amfiya 20, zafin ya koma 20 sau 20 sau 0.73, wato wajen wat 290. An ninka kaya sau huɗu, zafi ya ninku sau goma sha shida, ga kuma bolt kusan 15 da suka salwanta a hanya kafin wutar ta isa inda ake buƙatarta. Idan wayar ta sanholo ce, ko kuma ta sanholo da aka yi wa rufin jan ƙarfe ana sayar da ita a matsayin jan ƙarfe, turjiyar za ta fi haka da kimanin kashi 60 cikin ɗari a kauri iri ɗaya, zafin ma haka.

Wannan siffa ce kuma take bayyana dalilin da ya sa soket yake narkewa a wuri guda alhali sauran wayar lafiyarta lau. Kusar da ba a ɗaure da kyau ba, ko haɗin waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ya yi tsatsa, yana iya samun turjiyar rabin om. Rabin om ba komai ba ne idan caja ce kawai take jan wuta, amma idan amfiya 10 take ratsawa, 10 sau 10 sau 0.5 ya ba da wat 50, kuma dukkan zafin nan a kan kusa guda yake taruwa, a cikin roba. Fis ba zai yanke ba, domin amfiya 10 ba ta wuce ƙa'idarsa ba. Fis ɗin da ake sakawa a filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda shi ne ya fi yawa a gidajen Nijeriya, mafi girmansa na amfiya 13 ne, wanda a bolt 230 yake daidai da wat 2,990. Wanda ya jona dutsen guga na wat 1,000, da buta ta wat 2,000, da hita ta wat 1,500 a kan wayar ƙari guda ya tara wat 4,500, wato kusan amfiya 20, kuma idan fis ɗin ya ƙone aka maye gurbinsa da guntuwar waya, kamar yadda wasu suke yi, an cire abu guda da aka ajiye domin ya ƙone a madadin gidan.

Masu haɗa sola sun fi kowa cin karo da wannan lissafi, saboda matsinsu ƙarami ne. Kayan da suke cin wat 1,000 a bolt 230 amfiya 4.35 kawai suke ja daga inbata, amma inbatan yana ɗauko wannan ƙarfin ne daga batir, kuma idan batirin na bolt 12 ne, 1,000 a raba da 12 ya ba da amfiya 83, tun ba a ƙara asarar da inbatan kansa yake yi ba. Idan wayoyin da suka haɗa batir da inbata suna da turjiyar om 0.01 kacal, zafin da zai fita daga cikinsu ya kusa wat 70. Idan aka jera batira huɗu suka ba da bolt 48, kwararar ta sauka zuwa amfiya 21, asarar wayoyin nan kuma ta koma ƙasa da wat 5. Wannan ne ya sa manyan inbatoci ba a yin su a bolt 12, kuma shi ya sa wayar batir take da kauri irin wanda ba a gani a bangon ɗaki. Dalili guda ne kuma ya sa wutar da ake samarwa a madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ake ɗaga matsinta da taransifoma zuwa bolt 330,000 kafin a ɗora ta a kan manyan layuka, sa'annan a riƙa sauke shi mataki mataki zuwa 132,000, da 33,000, da 11,000, har ya iso taransifomar unguwa. Idan aka ninka matsi sau goma domin a kai ƙarfi iri ɗaya, kwarara tana raguwa sau goma, asarar zafi a kan wayar kuma tana raguwa sau ɗari.

Idan turjiya fiye da ɗaya ce a da'ira, wato hanyar da wuta take bi ta je ta dawo, ana fara haɗa su ne kafin a shiga sauran lissafin. Waɗanda aka jera ɗaya bayan ɗaya ana tara su, ta yadda biyu masu om 100 za su zama 200. Waɗanda aka haɗa kafaɗa da kafaɗa kuwa, kamar yadda kayan gida suke, jimillarsu raguwa take yi, biyun nan su zama om 50, wanda shi ne dalilin da ya sa duk na'urar da aka ƙara kunnawa kwarara take ƙaruwa.

Mai gyaran rediyo yana amfani da layukan biyu a jere idan zai zaɓi 'yar turjiyar da za ta kare ƙaramar fitilar LED. A ce zai kunna jar fitila daga batir mai bolt 12, fitilar tana riƙe kimanin bolt 2, kuma tana buƙatar amfiya 0.02. Bolt 10 da suka rage dole su sauka a kan turjiyar, saboda haka 10 a raba da 0.02 ya ba da om 500, sai ya ɗauki mafi kusa da ake sayarwa, 510 ko 560. Bai gama ba tukuna, domin sai ya san zafin da za ta ɗauka: 10 sau 0.02 ya ba da wat 0.2. Turjiya mai rubu'in wat za ta iya, amma tana gab da iyakarta, mai rabin wat ta fi kwanciyar hankali.

Lissafin yana da iyakoki, kuma wanda bai san su ba zai zargi mitarsa da ƙarya. Sharaɗin Ohm shi ne zafi kada ya canza, turjiyar ƙarfe kuwa tana ƙaruwa idan ya yi zafi. Ƙwan nan na wat 60 da lissafi ya ba shi om 882, idan aka cire shi aka auna shi yana sanyi ba zai kai om 100 ba, domin zarensa yana haura digiri 2,000 a ma'aunin Selshiyos sa'ad da yake haske, turjiyarsa kuma takan ninku fiye da sau goma tsakanin sanyi da wannan zafi. Ma'anar haka ita ce a daidai lokacin da aka danna makunni yana jan kwarara mai yawa na ɗan ƙanƙanin lokaci, shi ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi ƙonewa a lokacin kunnawa. Fitilar LED da sauran kayan da aka yi da silikon da danginsa ba sa bin dokar ma gaba ɗaya, domin ƙarin matsi kaɗan yana iya ninka kwararar da take ratsa su. Ana iya raba V da I a samu wani adadi, amma adadin na wannan yanayin ne kawai, ba za a ɗauke shi a yi hasashen wani matsi da shi ba.

Iyaka ta biyu ta shafi wutar gida, wadda take kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Bolt 230 da ake ambata matsakaici ne na musamman, wanda aka zaɓa domin ya ba da zafi daidai da na batir mai bolt 230, alhali ƙololuwar matsin tana kaiwa wajen bolt 325. Saboda wannan zaɓi, duk lissafin da aka yi a sama yana tafiya daidai ga kayan dumama, irin su dutsen guga da hita da buta. Ga kayan da suke da naɗin waya, kamar fanka, firji, na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa, kwarara ba ta tafiya lokaci guda da matsi, tana ɗan jinkiri a bayansa, saboda haka V sau I yana ba da adadin da ya fi ainihin wat ɗin da ake aiki da shi. Wannan adadin ana kiransa bolt-amfiya, kuma sai an ninka shi da wani ma'auni da bai wuce 1 ba kafin a samu wat. Injin da yake jan amfiya 5 a bolt 230 ya ba da bolt-amfiya 1,150, idan ma'auninsa 0.8 ne kuwa ainihin ƙarfinsa wat 920 ne. Wannan ne bambancin kVA, wato bolt-amfiya dubu, da kW, wato kilowat ko wat dubu, da ake gani a jikin janareta: wanda aka rubuta wa kVA 5 a ma'aunin 0.8, kilowat 4 yake iya ɗauka. Haka nan idan aka raba V da I a irin wannan injin, abin da aka samu ba turjiyar wayarsa ba ce, ya fi ta nesa ba kusa ba, domin injin da yake juyawa yana samar da wani matsi na kansa da yake tare wanda aka ba shi. Shi ya sa yake jan kwarara ninki da yawa a lokacin tashi, kafin ya ɗauki gudu, kuma shi ya sa wuta marar ƙarfi, wadda ba ta yi wa buta komai sai jinkiri, take ƙona injin firji: nauyin da yake juyawa bai ragu ba, sai ya ƙara jan kwarara domin ya cike giɓin matsin, zafin naɗinsa kuma ya hau da ninkin wannan kwararar da kanta.

Dukkan wannan ya dogara ne a kan awon da aka yi daidai. Ana auna matsi ta hanyar ɗora bakunan mita biyu a gefe biyu na abin da ake aunawa, wutar tana kunne. Kwarara kuwa sai ta ratsa cikin mitar, wato sai an yanke layin an saka ta a tsakani, ko kuma a yi amfani da mita mai baki kamar awartaki wadda ake maƙalawa a waya, da sharaɗin waya ɗaya za a kama, domin idan aka kama mai kaiwa da mai dawowa tare za su soke juna mitar ta nuna sifili. Mitar da aka saita a kan amfiya turjiyarta kusan babu ce, saboda haka wanda ya manta ya cusa bakunanta a soket ya haɗa layukan biyu kai tsaye. Turjiya kuma ba a auna ta sai an kashe wuta an cire abin daga da'irar. Jikin mai awon ma yana cikin lissafin: busasshiyar fata turjiyarta tana da yawa, amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa a ƙasa mai laima suna iya sauke turjiyar jiki zuwa wajen om 1,000, kuma 230 a raba da 1,000 ya ba da amfiya 0.23, alhali na'urorin da ake sakawa domin kare rai ana saita su ne su yanke wuta a amfiya 0.03.

Abin da mitar kamfanin rarraba wuta take ƙirgawa kuwa ba wat ba ne, wat ne sau lokaci. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, saboda haka butar wat 2,000 tana cinye yunit guda a cikin rabin awa. Ƙwan wat 60 da ake kunnawa awa 10 a kullum yana cin yunit 18 a kwana 30, ƙwan LED mai wat 9 da yake ba da haske kwatankwacinsa kuma yunit 2.7 yake ci a daidai wannan lokaci, sai a ninka kowanne da kuɗin yunit na rukunin da gidan yake ciki a samu abin da zai ci a wata.